Layin Kuran Bai Bi Ta Ƙofar Wan Mijina Ba

Tanti Habsatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya ja min. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ɗiyata Ummuhani ta karanta aikin wuta a Yamai. Yanzu tana cikin masu tsara wutar garuruwanmu na wajen Kieshe. Ta ce wuta iri biyu ce: ta faifan rana mai tafiya gefe guda, da kuran, wato wutar babban layi, mai kai da komo. Aikinta ta gano inda za a haɗa su ba tare da wuta ta tsiyaye a hanya ba. Ordinatar, wato kwamfuta, ta gwada wa layin kuran hanyoyi barkatai, ta zaɓi wadda ta bi ta asibiti da famfo. Unguwarmu faifan rana aka ba ta.

To wan mijina Munkaila yana da injin niƙa, faifan ba ya iya tada shi. Wai in sa yarinya ta karkato layi ta ƙofarsa. Na ƙi! Yanzu yana yawo da ni a dangi wai na haifi wadda ba ta san nata ba. Sunan jikarsa ko goro ba a aiko min ba. Su riƙe goronsu. Ni da na yi ta surfe har ta gama lakwal, wato makaranta, ba zan sa ta yi ƙarya a aikinta ba. Amma mijina ya daina cin tuwona da daɗi, shi ke damuna.

Uwar Injiniya, Kieshe

Uwar Injiniya, kin yi daidai. Kada ki sa ta lanƙwasa layi saboda dangantaka. Mutuncinta ne zai zube.

Sai dai ordinatar abin da aka gaya mata kawai ta sani. Mata nawa ke kai niƙa wurin Munkaila? In injin nan ya tsaya, turmi za su koma, ke kuwa kin san zafin taɓarya. Ki tambayi Ummuhani ko an saka injin cikin lissafi. In ba a saka ba, ta kai wa abokan aikinta a sake gwadawa, a bayyana sakamako gaban maigari. Kowa ya amince tun farko zai karɓi abin da ya fito.

Mijinki ki fara gaya wa wannan, shi ya kai wa wansa. Ki kuma je barka, ko ba goro. Allah ya haskaka garinku, ya bar miki ɗiyarki da gaskiyarta.