Gadar da ban karanta sunanta ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaiki wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan Allah Ya yalwata makwancinki. Autanki ne, wanda kike tsokana da Lauya tun ban san ƙofar kotu ba. Akwai maganar da na riƙe tun da muka binne ki, yau zan faɗe ta a gaban mutane.

Ke kika fara koya mini aikin nan ba ki sani ba. Kina zaunar da ni gaban faifai in tsince tsakuwa daga shinkafar da za ki kai kasuwar Gummi, kuma ko ɗaya ba ta wuce ni. Kikan ce, "Ɗan nan ido gare shi, abin da ad daidai bai gani, sai wanda yab ɓaci." Da shinkafar nan kika kai ni makaranta har na sa baƙar riga.

A birni ban taɓa tsaya wa ɓarawon akuya ba. Masu babbar riga nake karewa, waɗanda ake tuhuma da cin kwangila da alƙalami. Ba na tambayar mutum ko ya ci. Takardun masu ƙara nake bi layi-layi, ina neman sa hannun da ya ɓata ko hatimin da aka buga a makare. In na samu, shari'a ta rushe. Na yi suna da wannan, har kaina ya kumbura.

Haka na fitar da wani ɗan kwangila da aka biya ya gina ƙananan gadoji, ya kafa ginshiƙai ya gudu. A shafin farko na ga kuskuren masu ƙara, don haka ban buɗe shafukan baya ba, inda aka jera sunayen rafukan da za a yi wa gadojin. Ɗan kwangilar ya rungume ni a harabar kotu. Da sallah na kawo miki atamfa daga ladan aikin, kika yi ta shi mini albarka.

Da damina ta yi tsakiya 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu na bayan Zugu da hantsi, uku-uku a kan babura. Yayana Sani ne ya ba ni labari. Suka harbe liman a ƙofar masallaci, suka cinna wa rumbuna wuta, suka sare maƙwabcinmu a wuya yana riƙe da igiyar sansa. Ke kina jan jikokinki zuwa cikin dawa harsashi ya fasa miki cinya.

Sani ya ɗaure wurin da kallabinki, ya goya ki a babur ya nufi asibitin Bukkuyum. Ya iske rafi ya kawo, ba mai iya ƙetarewa. Ya kwantar da ke a gindin wani ginshiƙin siminti mai roduna tsirara, yana danne raunin da hannu biyu, jini na bi ta tsakanin yatsunsa har la'asar. Ya ce maganarki ta ƙarshe ita ce, "Kak ku tada hankalin Lauya, shina kotu."

Bayan addu'ar bakwai Sani ya kai ni wurin. Na ga allon kwangila ya yi tsatsa, na karanta sunan kamfanin, na ga na mutumin da na fitar ne. Na koma ofis na zaro fayil ɗin, na buɗe shafin baya. Sunan rafinmu na nan, Inna, da manyan baƙaƙe.

Abokan aiki sun ce doka na bi, kowa na da haƙƙin a kare shi. Na san wannan, ni ma na sha faɗa. Amma ina jin haushin kaina, kuma ina jin kunyarki. Har yau Sani na tsine wa wanda ya ci gadar da duk wanda ya taya shi, ni kuma ina zaune kusa da shi ina cewa amin.

Gobe zan kama hanyar gida in faɗa masa da bakina, kafin wani ya karanta masa wannan. In ya mare ni zan tsaya, in ya kore ni zan tafi.

Allah Ya gafarta miki, Inna, Ya karɓi shahadarki, Ya sanyaya zuciyar Sani. Ni kuma ki yafe mini atamfar nan.

Ɗanki,
Auta