Biyu Da Ɗaya A Motar Ɗambatta

Zuwa ga Aina'u, inuwar ɗorawa a tsakiyar bazara, ruwan farko a kan shuka, wadda ƙamshin man gyaɗarta ke riga sallamarta shiga mota. Gaisuwa daga malamin makarantar da furfura ba ta koya masa magana ba.

Na karanta cewa can nesa akwai duniyoyi masu kewaya wasu taurari, bibbiyu. Ta ciki takan yi zagaye biyu kafin ta waje ta gama ɗaya, sai su haɗu, su ɗan ja juna, kowa ya wuce. Masana sun ce ba a nan aka halicce su ba. Ƙaura suka yi daga nesa zuwa kusa da tauraronsu, a hanya tafiyarsu ta kama juna. Da aka auna kuma, sai aka ga yawancinsu ba daidai biyu da ɗaya suke ba, ta wajen takan ɗan makara.

Ke kina kai man gyaɗa kasuwar Ɗambatta kowane mako, ni ina zuwa duk bayan mako biyu, wani lokacin in tarar motar ta tashi. Wa ya ba masanan nan labarina?

Kin tuna ranar da tayarmu ta fashe bayan Makoda? Muka zauna a bakin gonar dawa, kika miƙo mini ƙuli-ƙuli, ni kuwa na saka miki da lacca a kan taurari. Kika saurara har ƙarshe, sannan kika ce, "Malam, duk wannan zagayen, babu mai tsayawa ya faɗi abin da ya kawo shi?" Na yi dariya. Sai da na isa gida na gane ba da taurari kike ba. Wata bakwai ke nan.

Yanzu na ji ɗanki Abdulkabir ya gama gini a Ungogo, can gefen birni, zai ɗauke ki da an cire gyaɗa. Ba na ganin laifinsa. Birni na jan kowa, har gonakin can sun zama fulotai. Amma idan ta ciki ta matsa ita kaɗai, lissafin ya watse, haɗuwa ta koma sai an yi sa'a. Mutum mai shekara hamsin da uku, sa'a nawa ta rage masa?

Ga abin da ya kawo ni. Ina son ki, ina neman aurenki. Ni na yi rashi, ke kin yi rashi, kuma bazawara ita ke da bakinta. Idan kin yarda, yayana zai je wurin kawunki ranar Juma'a. Idan Ungogo kika zaɓa, na riga na cike takardar neman canjin wurin aiki zuwa can, gonar gado kuma zan ba ƙanina aro. Sa hannu kaɗai ya rage, kuma hedimasta ya riga ya fara yi mini kallon wanda ya zautu. Ban musa masa ba.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a wanke ni,
Sha'aban