Madarar Gidan Injiniya Murali

Asabar, 6 ga Afrilu, 1985
Injiniya Murali, Ba'indiyen da nake tuƙawa a kamfani a nan ƙasar Larabawa, ya samu sabon gida. Matarsa Gita ta ce ba ta kwana ciki sai an yi al'adarsu ta shiga gida. Ya aike ni kasuwar Utaiƙa: kwakwa, madara, turare, sabuwar tukunya. Ni direba ne ko yaron boka?

Litinin, 8 ga Afrilu
Na gaya wa Isiyaku, abokin ɗakina. Ya ce, "A garin nan? In aka kama su suna bautarsu, har da kai ɗan dako. Iƙama, takardar zamanka a ƙasar, ta tafi, sai jirgin Kano." Na ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Na bincike 'yan littattafaina kaf, ban ga hukuncin direban da ya sayo kwakwa ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu


Da safe suka rufe tagogi. Madam ta shiga da ƙafar dama, riƙe da 'yar fitila. Ni ina bakin kicin ina ta a'uziyya. Suka ɗora madara a sabuwar tukunya, suka zuba mata ido. Ta taso. Ba wanda ya motsa. Na ce a raina, mutum da digirinsa bai san halin madara ba? Na yi wuf na kashe gas.

Madam ta ƙwalla ƙara. Ashe so ake ta zube, wai haka arziki zai tumbatsa a gidan. Wa ya gaya mini? Ta zauna a ƙasa, ta dafe tsohon cikinta tana kuka, wai ba za ta haihu a gidan da madararsa ta tsaya ba.

Sai bugun ƙofa. Mai gadin bene ne. Ga turare, ga fitila, ga ɗan hoton abin bautarsu a kan kanta. Oga ya daskare. Ni na fita, na ja ƙofar a bayana. "Esh fi?" in ji shi da Larabci, wai me ke faruwa. Na ce madara ce ta ƙona Madam, ko shi likita ne? Na hau shi da masifa. Ya daɗe yana shinshina iska kafin ya sauka.

Juma'a, 12 ga Afrilu
Duk motar da ta tsaya a unguwarmu ta Sulay sai gabana ya faɗi. Istigfari kawai.

Lahadi, 14 ga Afrilu
Ba wanda ya zo. Madam tana kwana gidan 'yan garinsu, ta ƙi komawa. Oga sai dai ya shiga mota in ja mu tafi, da ma zagina ya yi.

Talata, 16 ga Afrilu
Na sayo madara, ba wanda ya aike ni. Na miƙa wa Oga, na ce ni dai ba na shiga. Na tsaya a waje ina gadin bene, kamar ɓarawo. Can na ji ƙauri ta ƙarƙashin ƙofa. Sai dariyar Madam.

Juma'a, 3 ga Mayu
Kamfani ya mayar da mu sabon ɗaki. Na shiga da bisimilla da ƙafar dama, wannan tamu ce tun asali. Madarar shayi ta zube a kan risho. Isiyaku ya ce, "Lurwanu, a kanta fa kake tsaye!" Na ce hankalina ne ba ya wurin.