Surukina ya kafa wa kwale-kwale kujerun bas

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ki ɓoye sunana, ki rubuta yadda na faɗa miki kar ki gyara komai. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a, don ni dai kaina ya kulle, abinci ma tura shi nake yi kamar magani.

Ni dattijuwa ce, na haura sittin, ɗiyar masunci daga wani ƙauye na bakin gulbi kusa da Jibiya. Sai na koma baya kafin ku gane abin da ke damuna. Ina budurwa aka yi zamanin nan da kuɗin mai ya fashe a ƙasar nan, kowa ya wayi gari ɗan kasuwa. Mutanen Maraɗi suna shigowa da dabbobi da wake, suna komawa da atamfa, rediyo, sabulu da man fetur a jarkoki, wanda kuma ba ya son haɗuwa da 'yan duwan, wato kwastan, a kan titi sai ya biyo ta mashiginmu. Da rani gulbin yashi ne zalla, jaki ma ratsa shi yake yi, amma in damina ta sauka ya kawo, to sai da jirgi. Babana yana da ƙaramin kwale-kwale na kamun kifi, da ya ga haka sai ya rataye taru ya shiga fiton mutane. Ni kuma ina sayar da fura a bakin ruwa, don haka komai a kan idona aka yi.

Dokar Baba guda ce, kowa ya zauna a ƙasan jirgi kan karan da aka shimfiɗa, kaya a tsakiya. Talakawa ba su taɓa damuwa ba. Sababbin alhazai ne suka fara ƙorafi, mutum ya sha shadda ta ji sitaci, a ce ya gurfana cikin lema da ƙarnin kifi. Abin da ya fi cin ran Baba shi ne da aka fara cewa ba shi da ladabi, wai shi yana zaune a gindin jirgi sama da kowa yana tuƙi, manyan mutane suna ƙasa da shi. Baba mutum ne mai kunya, maganar ta hana shi sukuni. Ya kira kafinta, aka gicciya katakai a kan bakin jirgin daga nan zuwa can, aka buga ƙusa. Abin ya yi kyau a ido ba ƙarya, har zuwa kallo ake yi. Amma ni da ke tsaye a gaɓa na ga jirgin ya sake tafiya, yana rawa kamar ƙwarya a kan ruwa.

Wata ranar kasuwa gulbi ya kawo ja wur, yayana Sani ne ke tuƙi. Suna tsakiya iska ta ɗauke hular wani alhaji, ya miƙa hannu zai cafe, na kusa da shi ya kama rigarsa, sauran suka juya su gani. Shi ke nan. Ko ƙiftawar ido ban yi ba na ga bayan jirgin a sama. Sani ya fito da alhajin, ya fito da wasu, ya koma don wata mata mai goyo, daga shi har ita ba wanda ya sake fitowa. Sai can cikin Nijar aka tsinci gawarsa. Baba ya ɓanɓare katakan nan da hannunsa. Daga baya da ya sake sa wurin zama, can ƙasa ya kafa shi cikin cikin jirgin, bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, yadda bakin jirgi zai zo wa mutum a haƙarƙari, masu nauyi a tsakiya, kuma ya rage yawan mutanen da yake ɗauka. Alhaji ko ba alhaji ba, in ya yi gardama sai Baba ya ce, “Ranka shi daɗe, ko dai ka zamna ƙasa, ko ka tahi ka bi titi.” Har ya tsufa jirginsa bai sake kifewa ba.

To yanzu ga inda nake. Maigidana ya rasu, ƙauyenmu kuma ya tashi saboda halin da kuka sani, mijin ɗiyata ta fari shi ya ɗauko ni ya ba ni ɗaki a gidansa a Jibiya. Mutumin kirki ne, wallahi ba zan ci amanarsa ba, ko sabulu bai taɓa bari na nema ba. Asalinsa mutumin Maraɗi ne, direban bas, tun yana yaro yake kan titi. Da hanya ta lalace ya jingine motar, ya sayi ƙaramin jirgin kamun kifi a dam, ya ce zai riƙa haye da manoma zuwa gonakinsu na tsallake. Ni da na ji har na yi murna. Sai rannan na leƙa ƙofar gida na ga mai walda yana ta tartsatsi, ashe kujerun tsohuwar bas ɗinsa ya cire, ake kafa su a kan ƙarfe sama da bakin jirgin, layi-layi kamar a tasha, har da rumfar kwano a bisa don rana. Shi tunanin direba yake yi, in akwai wuri a sa kujera, ya manta mota ƙafa huɗu gare ta.

Masu cewa me ya hana ki faɗa masa, ku yi mini adalci. Mu a wurinmu mijin ɗiyar fari ba abokin magana ba ne. Ita kanta ɗiyar ban taɓa kiran sunanta ba tun da na haife ta, balle shi. In ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in juya fuska in amsa, ban taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba. Yau kuma rana tsaka in tare shi in ce bai iya sana'arsa ba? Duk da haka ban yi shiru ba. Na cije na kira ɗiyar tawa na ba ta labarin kawunta Sani, wanda ban taɓa ba ta ba. Ta yi hawaye, ta je ta faɗa masa, ta dawo ta ce wai ya yi dariya, ya ce wancan gulbi ne mai gudu, wannan kuwa dam ne ruwansa kwance yake, kuma an gwada jirgin a bakin gaɓa bai yi komai ba. An gwada shi babu kowa a ciki, jama'a, ina amfanin wannan gwaji?

Na aika wa amininsa, wani mai shagon hatsi, na ce ya ja hankalinsa. Nan ne abin ya ɓaci. Ran surukin nawa ya sosu da maganar ta fita waje, ya yi wa ɗiyata faɗa, ya ce shi bai rage ni da komai ba amma ina yi wa abincinsa baki tun bai fara ba. 'Yan uwansa mata suka ɗauka, har an ce in wani abu ya samu jirgin to bakin tsohuwa ne. Ɗiyata ta shigo ɗakina idanu jawur ta ce, “Inna, don Allah ki bar maganag ga haka nan, aurena za ki kashe.” Kun ji inda aka kai ni. In na ƙara magana na zama mai mugun baki, kuma ba ni da wani gidan da zan koma.

Shekaranjiya kuma sai ga abin da ya ƙarasa ni. Surukin nawa ya zo bakin ƙofata ya durƙusa, ya ce a yafi juna, shi ya huce. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai sa jirgin a ruwa, kuma ba zai ɗauki fasinja ko ɗaya ba sai ya fara haye da iyalinsa don neman albarka. Ya ce kujerar gaba, wadda ta fi kowace tsawo, ya sa an yi mata sabon kushin saboda ni, don ba zai yiwu ya zauna sama da surukarsa ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa, girmama ni yake yi. Na buɗe baki, saboda kunya abin da ya fito kawai shi ne Allah ya kai mu. Jikokina kuwa tun ranar suke tsalle, ƙaramar har ta sa an wanke mata kayan sallarta.

Na juya abin ta ko'ina. In na ce ba ni da lafiya na zauna a gida, da yaran za a tafi ba ni. In na hana yaran, na tabbatar masa da abin da 'yan uwansa ke faɗa. Na yi tunanin in je, in ƙi hawa kujerar in zauna a ƙasan jirgi, na san ba wanda zai iya zama sama da ni, dole kowa ya sauko. Amma wannan tozarta shi ne a gaban mutanen da ya gayyato kallo, kuma ƙarfe da kwanon nan suna nan a sama ko mun sauko. Ko in yar da kunyar gaba ɗaya, in kira shi in dube shi ido da ido karon farko a rayuwata, in ce jirgin nan ba zai ɗauki jikokina ba sai an sauke kujerun, abin da zai faru ya faru?

Masu sana'ar ruwa a cikinku, ko akwai dabarar da za a yi wa jirgin ya tsaya ba tare da an cire masa kujerun da yake alfahari da su ba? Iyaye mata kuma, in ku ne ya za ku yi? Kar ku ce in bar wa Allah kawai, na bar masa, amma shi ya nuna mini abin da na gani. Ni ɗiyar masunci ce, har yau in na faɗa ruwa zan fita. Jikokina ko ɗaya bai iya ruwa ba, su huɗu ne, ni kuwa hannu biyu gare ni. Don Allah ku faɗa mini abin da zan yi kafin Juma'a.