Hoton Adda Na'imatu

Lokuwa, Mubi, Jihar Gongola
Yuli, 1984

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya idon? A gaishe mini da Goggo Margret da mutanen Sabon Gari duka. Mu nan lafiya, damina ta zauna sosai.

Baba, akwai abin da na yi a shagon hotonmu, gara ka ji daga bakina. Bayan tafiyarka Kano babban ƙwan fitilarmu ya mutu, na zaga kasuwa babu irinsa. Ana cikin haka sai ga Adda Na'imatu, tsohuwar nan ta Kolere mai kawo mana nono. Ɗanta Bobboi, sojan da ke Kaduna, ya aiko a ɗauki hotonta. Na zaunar da ita gaban labulenmu mai zanen bene da jirgin sama, ta waiwaya ta dube shi ta ce, "Wannan garin ina ne? Ni ban taɓa zuwa ba." Tunda dama ciki duhu, sai na fito da ita bakin ƙofa. Tana ba ni labarin saniyarta da ta haihu na danna kyamara.

Da na wanke hoton na ɗauki fensir zan goge tamojin fuskarta a nagatif yadda ka koya mini, sai hannuna ya ƙi. Haka na aika wa ɗanta. Tun ranar, duk Asabar ina hawa keke zuwa Kolere ko Kwaja, ina ɗaukar tsofaffin mata a inda na same su. Ban san me zan yi da hotunan ba. Na dai kasa bari.

'Yarka,
Dibora

Sabon Gari, Kano
Agusta, 1984

Dibora,

Na gaishe ki. Goggonki ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ban ji daɗin wasiƙarki ba. Wanda ya zo ɗaukar hoto ya san fuskarsa, yana da madubi a gida. Abin da ya kawo shi wurinmu shi ne a nuna shi yadda yake so a tuna da shi. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki, ban taɓa sallamar tsohuwa da tamojinta ba. Ki aiki direban Yola ya nemo ƙwan fitila, ki mayar da mutane gaban labule. Fim ɗin da kike ƙonawa a Kwaja ba a samunsa yanzu, kin sani.

Likita ya ce mako mai zuwa zai cire yanar idon. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama za a gwada.

Ubanki,
Kwaji

Dibora, ni ce Margret, wannan bai san na ƙara ba. Kada faɗan ya dame ki. Ba ya cin abinci. Jiya ya tambaye ni ko makaho yana ganin mutane a mafarki. Ki yi ta addu'a.

Lokuwa, Mubi
Satumba, 1984

Zuwa ga Baba,

Barka da wannan lokaci. Baba, shirun ya yi yawa. Kullum ina tasha ina tambayar direbobin Kano, babu takarda. Ko layi ɗaya Goggo ta rubuto, in san yadda aikin ya kasance.

Maganarka ta tabbata. Bobboi ya zo hutu, ya shigo shago da kakinsa, ya ajiye hoton a kan tebur. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na liƙa wannan a ɗakina a bariki, abokaina suka yi ta dariya. Wai uwar kofur ce da ƙwarya, ga bango a tsage. Abin da na aiko a yi ke nan?" Na ba shi haƙuri, na ce zan sake. Da ya fita na shiga ɗakin wankin hoto na yi kuka, na ce na zubar maka da sunan shago.

Washegari na naɗe labule na ɗaure a keke, ni da Bobboi muka nufi Kolere. Kogi ya cika, shi ya ɗauke mini keken muka haye. Ya saya wa Adda sabuwar atamfa da takalmi. Ta saka, ta zauna gaban jirgin sama, ta haɗe baki kamar mai jiran allura. Na ɗauka.

Muna shirin tafiya ta ce da shi, "Ina na farkon?" Ya ce zai yaga. Ta miƙa hannu, ya ba ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan fuskar innata ce. Na manta kamanninta, sai yau." Ta shige ɗaki da shi. Da ta fito ta ce, "Sabon naka ne, ka kai wa sojoji. Wannan nawa." A hanya ne, bayan mun haye ruwa, Bobboi ya tambaye ni ko nagatif ɗin yana nan, in ƙara masa ƙarami wanda zai shiga aljihu.

Hoton atamfar kuwa na zauna na gyara shi da fensir, a hankali, wuni guda. Da can ina yin gyaran nan don ka ce a yi. Wannan karon ina yi ina tunanin yaron da ke son abokansa su girmama uwarsa, ya kuma fi duk wanda na taɓa yi kyau. Na samu ƙwan fitila, labule ya koma wurinsa. Amma Asabar tawa ce, Baba, ina roƙo ka bar mini ita.

Na sa wasu daga cikin hotunan Asabar a ambulan, har da na Adda na farko. In ba ka iya gani ba, Goggo ta faɗa maka abin da ke ciki.

'Yarka mai kewarka,
Dibora

Sabon Gari, Kano
Oktoba, 1984

Dibora 'yata,

Ki kwantar da hankalinki, mu gode wa Allah. Idon ya kumbura bayan aiki, aka sake ɗaure shi, shi ya sa na kasa rubutu, ban san me zan ce miki ba. Ranar Litinin aka kwance. Nas ta ɗaga yatsu, ya faɗa daidai. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Margret, ashe haka kika tsufa." Na ce masa shi ma ya nemi madubi. Ranar ya cinye tuwo kwano biyu.

An ba shi tabarau mai kauri. Na miƙa masa ambulan ɗinki, ya ɗauki kujera ya fita tsakar gida. Ya jera hotunan a kan tabarma, yana ɗauka yana ajiyewa har abinci ya huce. Na tambaye shi yaya, ya ce in ba shi biro. Takardarsa ce a ciki, ban karanta ba.

Goggonki,
Margret

Dibora,

Hannuna ne wannan, ki yi haƙuri da girman rubutun.

Matar Kwaja mai sussukar dawa, kin bar rana ta cinye mata goshi. Ki koma da safe. Mai tulu kuma kin yanke mata ƙafa. Sauran ba ni da gyara.

Shekara da shekaru Na'imatu tana zuba mini nono a bakin shago, ban taɓa ganin idanunta ba sai a takardarki.

Likita ya hana ni aikin fensir, ya zama naki. Muna tafe ƙarshen wata. Asabar ta farko zan bi ki Kwaja, ni zan riƙe jaka.

Ubanki,
Kwaji