Yajin jegon Rabi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hajara, babbarki, daga tsakar gidanki na Matameye.

Autarki Rabi ta sauka lafiya, an samu mace. Suna ya matso, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Kin san uwar mai jego ce ke daka yajin da za a raba wa dangi. Ba kya nan, ido ya dawo kaina, kowa na jiran ya ga ko gidan nan da sauran uwa.

Kafin haihuwar, Alhajina ya tafi sarin kaya Tanzaniya, ya ce in raka shi in ga duniya. Na tafi, amma hankalina na kan cikin Rabi. Aka zuba mu a mota mai buɗaɗɗen sama aka nausa daji. Ga raƙumin dawa, ga jakin dawa, ga zaki kwance kamar maigidan da ya ƙoshi da tuwo. Turawa na ɗaukar hoto, ni ina ɗaga waya ina neman rezo, ko kira zai shiga. Giwaye ne kawai suka tsayar da ni, tsohuwa a gaba, 'ya'ya da jikoki na biye. Wallahi kishinsu na ji.

Daga nan muka haye ruwa zuwa tsibirin Zanzibar. Inna, ashe kanumfari bishiya ce doguwa. Ana shanya shi kan tabarma a bakin hanya yadda muke shanya kuɓewa, ƙamshi har cikin maƙogwaro. Na tuna kina cewa, "Yaji ba ya son rowa." Na cika jaka, ina ji da kaina.

Da na zo daka, na bi awonki yadda na saba gani: citta, masoro, kimba, barkono, sai kanumfari cike da tafin hannu. Gwaggo Delu, ƙanwar Baba, ta lasa. Ruwa kawai ta nema. Kin san shirun Gwaggo, gara ta zage ka. Na lasa ni ma, harshena ya mutu kamar an yi mini allurar cire haƙori. Na rage, na sake dakawa, bai yi ba. Na zubar, na zagaya tsakar gida har kaji suka gaji da ni.

Sai daga baya na gane. Naki kanumfarin na wurin tsoho mai koli ne, wanda ya biyo ta Kano, ya daɗe a buhu har ƙarfinsa ya kwanta. Da shi hannunki ya saba. Ranar kasuwa na tafi da ƙafata na sayo shi, da ƙurarsa da komai.

Yau da hantsi na daka. Rabi ta fito daga wankan jego, barci ya ɗan sace ta a ɗaki. Ina cikin daka, ƙamshi ya cika gidan, sai na ji muryarta cikin magagi tana kiran Inna, wai jaririya ta ƙi kama nono, ki zo ki duba.

Na tsaya da taɓarya a hannu. Na waiwaya, babu kowa a tsakar gidan sai ni. Na amsa, Inna. Na wanke hannu na shiga.

Ina kewarki, kuma ina jin tsoro. Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki, ya ba ni ko rabin haƙurin da kika yi da mu. Amin.

Taki har kullum,
Hajara