Na Karkatar Da Rijiyar Gidauniyarmu, Yanzu Wani Ake Tuhuma

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin kowa ya fara zagina ya daure ya kai ƙarshe, domin na san inda na yi laifi, amma akwai inda ko za a yanka ni ba zan ce na yi nadama ba.

Ni 'yar Kaura Namoda ce, da can malamar firamare, yanzu shekara huɗu ke nan ina aiki da wata gidauniya da wani attajirin yankinmu ya kafa. Allah ya jiƙansa, shi da kansa yake shiga ƙauye ya zauna a tabarma ya tambayi mutane abin da ke damunsu. Da ya rasu 'yarsa ta karɓi shugabanci, zan kira ta Hajiya. Ba muguwa ba ce, ban kuma ce tana cin haƙƙin kowa ba, amma a Abuja take, abin da ta sani game da Shinkafi da Zurmi a hoto ta gan shi. Ni ke hawa mashin in shiga Sakajiki da Banga, ni ke rubuta rahoto in aika, kuma na daɗe da gane ba a karantawa. Na taɓa rubuta cewa kekunan ɗinkin da muka raba wa matan da suka gudo daga ƙauyukan Zurmi duk sun koma kasuwa, saboda matan nan noma da kiwo suka iya, awaki suka roƙa. Amsar da na samu ita ce in riƙa turo hotuna masu haske.

Bana aka ce za a haƙa rijiyar burtsatse mai sola guda ɗaya a yankin Shinkafi, in ba da shawarar wuri. Na ba da sunan wani ƙaramin ƙauye a bayan Katuru. Matan ƙauyen a rafi suke ɗebo ruwa can cikin daji, kowa kuwa ya san abin da dajinmu ya zama. Sai sun taru da yawa suke tafiya, in aka ji labarin 'yan bindiga na kusa kuma a haƙura a sha na kududdufi. Wata tsohuwa a can ta ja hannuna har bayan ɗakinta ta buɗe mini randa, ta ce, "Ɗiyata, dubi ruwan ga, shi muke sha. Ba mu son atamfa. In kin koma ki ce musu ruwa."

Na faɗa, Hajiya ta ƙi. Ta zaɓi wani gari a bakin titi, inda tuni akwai rijiyoyi biyu kuma duk suna aiki. Dalilinta shi ne a can ne duk mai wucewa zai ga allon da ke ɗauke da sunan mahaifinta, baƙi kuma za su iya zuwa ranar buɗewa. Na tambaye ta a waya ko ruwa muke son bayarwa ko allo. Ta ce, "Malama, wa zai bi ki cikin wannan dajin ya ga abin da muka yi? Masu ba mu tallafi sai sun gani da idonsu. Ke dai ki yi abin da aka sa ki." Ban ce maganarta ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Amma don Allah mene ne amfanin tallafin da za a kai wa wanda ba ya buƙata, don kawai a samu wani tallafin a sake kai masa?

To ga laifina. Mai haƙar, zan kira shi Malam Bala, daga Gusau ya zo da motarsa, kuma ta hannuna takardar umarnin aiki ta biyo. Na sake buga ta, na canza sunan garin, na kwaikwayi sa hannun Hajiya. Da ya ga hanyar ya tsaya ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata nan aka ce. Na dubi idon dattijon nan na ce wallahi umarnin Hajiya ne. Wannan rantsuwar ita ke cina har yau. Mutanen ƙauyen suka fito maza da mata suka cike kwazazzabo da duwatsu da buhunan yashi har mota ta wuce. Kwana shida ruwa ya fito, fari tas. Na ɗauki hotuna daga kurkusa, famfo da tanki kawai, yadda ba wanda zai gane wurin, na tura. Hajiya ta yaba ƙwarai, ta ce ban taɓa turo masu kyau irinsu ba.

Asiri ya tonu ne da ta turo sakataren gidauniya ya shirya bikin buɗewa. Ya isa garin bakin titi ya tarar da fili fetal, mai garin kuma ya cika ya batse don ya riga ya yi wa jama'arsa alkawari. Hajiya ta kira ni, sai na ji bakina ya ce zan bincika. Ta kira Malam Bala, ya ce yana da takarda da sa hannunta, ta ce ita ba ta rubuta ba, don haka shi ya ƙirƙira. Ni kuwa ba ta zarge ni ba, ta ɗauka shi ya turo mini hotunan. Ta soke sauran ayyukan da za ta ba shi, ta ce za ta haɗa shi da 'yan sanda. Ta kuma ce a shirya kwance sola da tanki da injin a mayar da su inda ta ce tun farko.

Shekaranjiya da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidanmu, takardar na ninke a aljihunsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malama, daga hannunki na amshi takardar ga. Ban ambaci sunanki ba don ina ganin mutuncinki. Na ga ruwan da mutanen can ke sha, ban ce aikin banza na yi ba. Amma shekara ashirin ina haƙa ba a taɓa kirana maƙaryaci ba. Na ba ki zuwa Juma'a ki faɗa mata gaskiya, ko ni in faɗa." Maigidana ya tambaye ni wane ne, na ce maganar aiki ce. Shi ma bai sani ba.

Kada kowa ya ce mini ɓarauniya, ko bulo ɗaya bai shigo gidana ba. Kada kuma a ce da na bi ta hanyar da ta dace, wace hanya ce ban bi ba? Rahoto nawa na rubuta? Sau nawa na roƙi a kafa kwamitin mutanen ƙauyukan nan a riƙa jin ta bakinsu kafin a yanke musu abu? Sau nawa na ce Hajiya ta zo ko yini ɗaya ta gani? Gidauniyar da shugabarta ba ta sauraron wanda ke ƙasa, me ake so na ƙasan ya yi? Da za a mayar da ni ranar, can zan sake nuna wa motar nan. Abin da ba zan sake ba shi ne in jingina ƙaryata a wuyan bawan Allah da bai ji ba bai gani ba.

In na fito na faɗi gaskiya aikina ya tafi, wataƙila ni za a kai wa 'yan sanda, kuma ba sauran mai buɗe baki ya hana a kwance rijiyar. In na yi shiru Malam Bala ne zai ɗauki abin da na shuka. Na yi tunanin in hau mota in tafi Abuja in faɗa mata ido da ido, in ce ta kore ni amma ta bar musu ruwansu. Sai dai macen da ba ta saurare ni ba lokacin da nake da gaskiya, za ta saurare ni yanzu da na yi mata ƙarya?

Yau Laraba. Jama'a, me zan yi?